Lisansin Mardiyya

Shekara shida Mardiyya ta yi tana aikin parajuris a Gesheme kafin maganar lisansi, wato digirin jami'a, ta taso. Parajuris ba lauya ba ne, ba kuma alƙali ba, shi ne dai wanda talaka ke fara zuwa wurinsa idan takarda ta sha masa kai. Uban da ɗansa zai yi jarrabawa babu takardar haihuwa, matar da mijinta ya rasu danginsa suka yi shiru da maganar gado, manomin da shanu suka kwana a gonarsa, duk wurinta suke zuwa. Takan saurara har mutum ya gama, sannan ta faɗa masa ƙofar da zai buga, ko ta mai gari, ko ta meri, wato ofishin magajin gari, ko ta jastis, wato kotu. Ta rubuta masa abin da ya kamata a rubuta da faransanci, in ta ga zai ji tsoron shiga ta raka shi.

A Dogon Dutsi ta ci bak, jarrabawar gama sakandare. A shekarar ne mahaifinta ya kwanta ciwo, maganar jami'a ta bi ruwa. Wata ƙungiya mai suna Sassanci ta ɗauke ta, aka ba ta horo na mako uku a Doso, aka miƙa mata ƙaramin moto da jakar littattafai, aka ce ta koma garinsu ta fara. Tun tana faɗuwa cikin rairayin hanyar ƙauyuka har ta iya. Ta auri Rabilu, mai shagon sola da batura a bakin kasuwar Gesheme, suka haifi 'ya ɗaya, Amira.

A taron wata-wata na watan Maris, Madam Sa'adatu, shugabar ƙungiyar, ta sanar da sabon proje, wato shirin da masu ba da kuɗi za su ɗauki nauyinsa. Za a sa masanin shari'a ɗaya a kan kowane yanki, ya riƙa duba aikin parajuris-parajuris. Kowa a ɗakin ya waiwayi Mardiyya, don a yankin Tibiri babu wanda ya kai ta daɗewa. Madam ba ta dube ta ba, ta ci gaba da karanta sharuɗɗa. Na farko shi ne lisansi a fannin shari'a, karatun jami'a na shekara uku.

Bayan an watse, Madam ta kira ta cikin biro, wato ofishinta, ta rufe ƙofa.

"Na rubuta wa masu projen sunanki, sunka maido," in ji ta. "Na ce shekararki shida, na ce babu garin da ba ki sani ba tsakanin Gesheme da iyaka. Sunka ce sun ji, amma takarda suke so. Kuma in gaya miki gaskiya, ba wanga proje kaɗai ba ne. Duk wanda ka zuwa yanzu haka yake."

"To wa za a kawo, Madam?"

"Wani yaro, Abdulwahid. Ɗan Matankari ne. Ba shi da laifi."

Mardiyya ta so ta same shi da laifi, ba ta samu ba. Ya girme ta da wata biyu kawai, amma Yaya Mardiyya yake kiranta, don a aiki ta riga shi. Ba ya shiga gari sai ya tambaye ta wa za a fara gaisarwa. Abin da bai sani ba yakan ce bai sani ba. Albashinsa ya ninka nata har da ɗoriya, kuma ita ce ke nuna masa hanya.

Ba ta yi fushi ba, sai ta ɗauki abin kamar yadda take ɗaukar ƙarar mutane, ta fara bincike. Wata ranar kasuwa suna zaune a ƙarƙashin bishiyar bedi a ƙofar meri suna jiran a sa hannu a wasu takardu, ta tambaye shi yadda karatun yake.

"Shekara uku ne a takarda," ya ce. "Ni huɗu na yi. Da na gama, shekara biyu ina kabu-kabu a Yamai da lisansi cikin akwati. Waɗanda munka gama tare, biyu sun ci gaba har sun zama lauyoyi, amma wannan sai an ƙara karatu, kuma sai da mai riƙe ka. Kaɗan sun shiga aikin gwamnati. Wasu suna koyarwa. Ɗaya yana sayar da waya a Gaya, kuma ya fi mu duka samu."

"Kai kuma?"

"Ni proje ya ɗauke ni wata ashirin da huɗu. In ya ƙare, Allah ya sani."

Da la'asar ta biya shagon Rabilu ta kwashe masa labarin duka, yana gwada wani batir da ya ƙi caji. Rabilu mutum ne mai son karatu, ba ya wasa da darasin masallaci bayan magariba, kuma shi ya fara cewa Amira za ta yi lakkol, wato makarantar boko, har inda ƙarfinta ya kai. Amma ɗan kasuwa ne, haka ya auna maganar.

"Bari mu duba, Maman Amira. Jami'ar gwamnati sai kin aje aiki ɗungum. Makarantar kuɗi mai karatun yamma, sai an sayar da bijimanki biyu, su ma shekara guda za su biya. Ga haya, ga ci, ga mota. Amira sai ta koma hannun Inna. Bayan shekara uku ko huɗu ki dawo, ki iske aikin da kike nema na wata ashirin da huɗu ne. Ni in kaya ne, ba ni saye."

"Nima abin da na gani ke nan."

"Ba hana ki nike ba. In kin ce za ki, za mu san yadda za mu yi."

"Na sani," ta ce. "Ba ya fita. A bar shi."

Ta bar shi kuwa, da gaske. Ta koma kan motonta, aka shiga bazara, aka yi shuka.

A cikin wannan daminar ce aka yanke shari'ar Baba Ɗantala. Dattijo ne daga wata tunga yamma da Gesheme, dogo, marar yawan magana, yana noma da 'ya'yansa biyu. Fiye da shekara arba'in da suka wuce mahaifinsa ya ba wani baƙo aron gona, babbar gona mai gangara zuwa fadama. Kowace kaka baƙon yakan kawo dami ɗaya na hatsi, shaidar cewa gonar ba tasa ba ce. A wata shekarar yunwa aka ce ya bari sai an samu sauƙi, daga nan damin bai ƙara zuwa ba, babu kuma wanda ya tambaya. Yanzu masu ba da aron da masu karɓa duk sun rasu. Ɗantala ya nemi gonar don gidansa ya yi yawa, jikokin baƙon suka ce gadonsu ce.

Mardiyya ta bi maganar tun daga gaban mai gari har gaban sarki, sulhu bai yiwu ba, aka tafi jastis a Dogon Dutsi. Shaidun Ɗantala duk ji suka yi, babu wanda ya ga damin da idonsa. Ɗaya ɓangaren kuwa ga kaburbura a gefen gonar, ga rijiya da kakansu ya gina. Alƙali ya ba su gonar. Ɗantala yana tsaye aka karanta hukuncin, aka fassara masa.

Ba a yi kwana goma ba sai ga shi a ƙofar gidanta da sassafe. Ya tuna da wata tsohuwa, ƙanwar baƙon nan, wadda aure ya kai Sukukutane. Ya aika an tambayo, tana da rai, hankalinta garau, kuma ta ce ita da kanta ta sha ɗaukar damin a ka ta kai gidansu Ɗantala tana budurwa. Ta ce ko gaban wa za ta faɗa.

"To, Baba, wannan shaida ce babba," in ji Mardiyya. "Za mu ɗaukaka ƙara."

"Yau za mu tahi?"

"A'a. Sai an ba ka takardar hukunci a hannu, daga ranar wa'adi ka fara tafiya. Ka je ka yi nomanka. In ka gama maimai sai mu je mu karɓo."

Ba da ka ta faɗi haka ba. Shekara biyu kafin nan ta raka wata mata ɗaukaka ƙara, kuma daga ranar da aka kai wa matar takarda aka fara ƙirga. Littafin da ke cikin jakarta ma layi ɗaya ya yi a kan maganar, bai bambanta komai ba. Abdulwahid yana Tibiri a ranar, kiran waya ɗaya ne tsakaninsu. Ta ɗauki wayar ma, sai ta mayar. Wannan abu ta taɓa yinsa da hannunta, ba ta ga dalilin da za ta tambayi wanda ita ke nuna wa hanya ba.

Da aka gama maimai suka hau motar kasuwa su biyu. A jastis magatakarda ya jawo babban rajista, ya bi layi da yatsa, ya duba kalandar da ke bango, ya sake duba rajistar.

"Yana nan ranar da anka yanke?"

"Yana nan."

"To, Madam, wa'adi ya wuce da kwana huɗu. Wanda anka yanke a gabansa, daga ranar ake ƙirga mishi. Wanda ba ya nan ne ake jira sai takarda ta same shi."

Ta ce a sake dubawa. Ya juyo mata rajistar ta gani da idonta. Mutum ne mai haƙuri, ya san ta shekaru, har ya buɗe littafin doka ya nuna mata wurin. Da faransanci suke magana, Ɗantala yana zaune a benci a waje, hularsa a gwiwa.

Ta fito ta zauna kusa da shi. Ta yi tunanin ta ce kotu ta ƙi, ta tsaya nan, don ba zai taɓa sanin bambancin ba. Sai ta ji bakinta yana faɗin yadda abin yake.

"Baba, mun makara. Ranar da ka zo gidana ka ce mu taho, da mun taho da an karɓa. Ni na ce ka jira, kuma ba daidai na faɗa maka ba."

Ya juyo wurinta.

"Tsohuwar fa? Ba su jin ta?"

"Ba su jin kowa yanzu. Ƙofar ta rufe."

"Kwana nawa kinka ce?"

"Huɗu."

Ya sa hularsa, ya miƙe. Bai zage ta ba, bai kuma ce babu komai ba. A mota ya zauna gaba, ita tana baya, har Gesheme. Da suka sauka ya ce, "Sai an jima, Malama," ya kama hanyar tunga da ƙafa. A da ɗiyata yake ce mata.

Washegari ta kira Abdulwahid ta faɗa masa, ta kuma rubuta wa Madam Sa'adatu rahoto ba ta rage komai ba. Abdulwahid ya zo ya kwana biyu yana juya takardun ko akwai wata kafa. Babu. Abin da ya rage shi ne abin da ta iya tun farko. Ta je Sukukutane a kan moto, tafiyar da ta ci mata yini, ta ɗauko muryar tsohuwar a waya. Ta kai wa babban jikan baƙon, ba a gaban mutane ba, a gonarsa, ta kunna masa ya ji muryar kakarsa. Ta koma sau biyar. Ta bi ta wurin limamin tungar, ta bi ta wurin surukinsa. A ƙarshe mutumin ya ce hukunci hukunci ne, gona tasu ce, amma saboda tsohuwa zai ba Ɗantala aron gefen tudu, kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ban da fadama. Aka rubuta a gaban mai gari, kowa ya dangwala yatsa. Haka Ɗantala ya koma mai aro a gonar ubansa. Da aka gama ya gode wa mai gari, ya gode wa liman, ya ɗaga wa Mardiyya hannu daga nesa.

A hanyar dawowa suka tsaya ita da Abdulwahid a wata inuwa don injin moto ya huce.

"Abin nan na wa'adi," ta ce, "ana koyar da shi?"

"Shekara ta biyu. Darasin tsarin ƙara."

"Da kai ne da ba ka yi kuskuren ba."

"Wannan da ban yi ba. Amma Yaya Mardiyya, ni da ban san akwai tsohuwa a Sukukutane ba, don ni Baba ba zai zo gidana da asuba ba. Kuma da ban samo mishi ko taki ɗaya ba."

"Kashi ɗaya cikin huɗu na samo mishi. Duka ya kamata ya samu."

"Wataƙila. Ba mu san abin da alƙalin sama zai ce ba."

"Ba mu sani ba, don ban bari an tambaye shi ba."

Injin ya huce, suka ci gaba da tafiya.

Abin da ya fi damunta a makonnin da suka biyo baya ba Ɗantala kaɗai ba ne. Ta ɗauko tsofaffin littattafan aikinta na shekara shida, tana bi shafi-shafi da rana idan babu mutane. Ɗaruruwan mutane ta ba shawara. A wurare da yawa ta san dalilin abin da ta faɗa. A wasu kuwa ta ga cewa ta faɗa ne don haka aka yi wa wani a baya kuma ya yi daidai. Ba ta san nawa ne a cikinsu suka yi daidai don sa'a ba. Ta fara kiran Abdulwahid a kan komai, har abin da ta sani sarai, mutane suna zaune suna jira tana neman reson waya a bayan gida.

Bayan girbi ta sake tayar wa Rabilu da maganar, suna cin tuwon rana.

"Lissafin bai canza ba, Baban Amira. Na sake yi, har yanzu ba ya fita. Amma ina so in tahi."

Ya ajiye lomar da ya ɗauko. "Saboda Baba Ɗantala?"

"Shi ya riga ya rasa gonarshi, karatuna ba ya maido mishi. Aikin nan nike so in ci gaba da yi, kuma yadda nike yanzu, ko in riƙa faɗin abin da ban tabbata ba, ko in riƙa tambayar wani har in tsufa. In ba haka ba sai in bar aikin in zo in taya ka tsaron shago."

"Shagon ba ya ɗaukar mutum biyu," ya ce, ya ɗan yi murmushi. Sannan ya ce, "Kin san mi mutane za su ce. Amira shekararta biyar, ba ƙane."

"Na sani."

"Inna za ta fi kowa faɗa."

"Ita zan fara gaya wa, da bakina."

Ya kai hannu ya ci gaba da cin tuwonsa. "To a bari bijiman su ƙara wata biyu. Yanzu ba su da kasuwa."

Madam Sa'adatu ta taimaka da abin da take iyawa. Ta samo mata wurin zama a ƙofar babban biron ƙungiyar a Yamai, karɓar baƙi da ɗaga waya, albashin bai kai na Gesheme ba. Ta yi rajista a wata makarantar kuɗi mai darasi daga ƙarfe biyar zuwa takwas. Moto da jakar littattafai aka miƙa wa wata sabuwar yarinya, Khairiyya, wadda Mardiyya ta zagaya da ita ƙauyuka mako biyu tana gabatar da ita ga masu gari.

Zaman Yamai ba shi da labari mai yawa. Ɗaki ɗaya suka raba da wata 'yar Doso mai aikin asibiti. A aji ta girmi kusan kowa, yaran suna ce mata Tanti. Shekarar farko ta sha wuya, don rabonta da rubutun jarrabawa ya kai shekara bakwai, kuma darussan tarihi ne da ma'anoni, babu gona babu gado. Ta faɗi darasi biyu ta sake su. A shekara ta biyu abin ya fara zama nata. Malami yana bayani a allo, ita tana ganin fuskoki: wannan ai matar nan ta garin Lido ce, wannan rigimar burtalin nan ce. Wani lokaci ta gane ta yi daidai a da, wani lokaci ta gane ba ta yi ba, ta rubuta sunan a gefen littafi ta kira Khairiyya da safe ko akwai abin da za a gyara. Sau biyu an gyara. Wata rana wani malami ya ce aron gona a karkara yakan kasance da takarda. Ta ɗaga hannu ta ce a Arewa dami ne takardar. Ya sa ta tashi ta yi wa ajin bayani, daga nan yakan tambaye ta.

Gida kuwa sai hutu da salla. Amira ta shiga lakkol ba ta nan, ta fara faɗuwar haƙori ba ta nan. In ta zo, yarinyar takan yi kwana biyu tana jin kunyarta kafin ta saki jiki, sannan hutun ya ƙare. Inna, uwar Rabilu, ta riƙe jikarta da kyau, ta kuma faɗi abin da ke ranta a kowane zuwa, a gaban baƙi ma. Rabilu bai taɓa yi mata gori ba, amma shekarar da aka biya kuɗin makaranta na uku bai je Kano sayen kaya ba, shagon ya yi fayau har kaka. Ita ma ta gani, ba wanda ya ɗaga maganar.

Shekara uku da rabi ta yi. Ranar da aka liƙa sakamako ta duba sunanta sau biyu, ta kira Rabilu, ta kira Madam, ta je ta sayi kilishi ta kai wa abokiyar ɗakinta.

Kafin nan projen da ya nemi lisansi ya daɗe da ƙarewa, masu ba da kuɗin ba su sabunta ba. Ƙungiyar Sassanci ta rage ma'aikata, Madam da mutum uku suka rage. Abdulwahid ya koma koyarwa a wani kwaleji a Birnin Gaure. Kujerar da Mardiyya ta so a Tibiri babu ita kwata-kwata.

Wata biyar tana gida. Mutane suka ji ta dawo, suka fara zuwa kamar da, ta riƙa taimakonsu kyauta a zaure, tana tura wasu wurin Khairiyya don kada ta shiga mata aiki. Sai aka ce wani wisiye a Dogon Dutsi, wato jami'in da ke kai sammaci da zartar da hukunci, yana neman mai taimaka masa da rubutu, kuma mai lisansi yake so. Mutum tara suka nema. Ya ba su wata tsohuwar shari'a ya ce kowa ya rubuta abin da za a yi. Ita ya ɗauka. Daga baya ya ce mata lisansin ne ya sa ya karɓi takardunta, amma abin da ya sa ya zaɓe ta, ita kaɗai ta rubuta cewa a fara gaida mai gari kafin a shiga gonar.

Albashin ya fi na Gesheme da kaɗan, bai kai rabin abin da ta taɓa hange ba. Aikin ma ba duka take so ba, don wani lokaci ita ke rubuta takardar da za a fitar da mutum daga wuri. Takan yi ƙoƙari ta ga an karanta wa mutum da Hausa, an kuma faɗa masa abin da ya rage masa. Ta kama ɗaki a Dogon Dutsi ta ɗauko Amira ta sa ta lakkol a can, Juma'a da yamma su hau mota zuwa Gesheme, Lahadi su dawo.

A watan Yuli aka buɗe gasar ɗaukar magatakardan kotu. Ta tafi Yamai da cikin wata huɗu, ta zauna a babban ɗaki da ɗaruruwan mutane, ta rubuta yini biyu. Da sakamako ya fito ba ta cikin waɗanda aka ɗauka. Tana cikin jerin masu jira, ta uku. Wisiye ya ce wani lokaci akan kira har na biyar, wani lokaci ba a kiran ko ɗaya.

A makon ba su tafi Gesheme ba, Rabilu ne ya zo Dogon Dutsi ranar Asabar, suka zagaya kasuwa tare da Amira suna duba wani shago da aka ce za a saki kusa da tasha, ko zai maido sana'arsa can. Ƙarami ne, rufin yana yoyo ta kusurwa ɗaya, amma wurin akwai mutane. Ya auna faɗinsa da taku, ya leƙa bayan, ya tambayi mai shayin da ke gefe ko ana ɗauke wuta sosai a layin.

"In ba su kira ba fa?" ya tambaye ta suna fitowa.

"In sake baɗi. Lokacin na haihu, na huta."

"To bari in ga mai shagon kafin azahar," ya ce. "Ki kai Amira gida, rana ta yi."